Waken da ba a zuba wa guba ba: wa zai biya wahalarsa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Damagaram, shekara uku ke nan ina ajiyar wake. Da kaka nakan saya a Mirya da Matamaye, in riƙe har bazara. Jarin na yayana ne, riba muke rabawa. Na ɗauki alkawari ba zan zuba maganin ƙwari a abin da mutane za su ci ba, don haka ina shanyawa, in sa mata su tsince, in ɗura a buhun nan mai leda biyu a ciki. Bara buhu 60 na ajiye, kowane na saye shi jika 24. Shanya da tsinta suna cinye mini tiya 2 cikin 40, masu tsinta sefa 500 a kan buhu, shi kansa buhun sefa 1,500, kuma da shi ƴan sari ke tafiya. Maƙwabcina buhun 300 yake saya da maganin 200, ya gama. Da muka fitar, farashi ɗaya aka taya mu, ba wanda ya tambayi komai. Yaya ya ce ko in yi yadda kowa ke yi, ko ya karɓe kuɗinsa. Ashe kasuwa ba ta saka wa mai aikin alheri? In daina ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka daina, amma yayanka ma ba sharri ya faɗa ba. Kasuwa tana biya, sai dai abu biyu kawai take biya: abin da idon mai saye ya gani, da amfanin da zai faɗa aljihunsa shi kansa. Aikinka ya kuɓuce wa duka biyun. Ɗan sarin da ke lodi zuwa Maigatari ko Dawanau ba shi zai ci waken ba, yaron da zai ci shi kuwa ba ya wurin lokacin da ake tayi da albarka. Idan mai saye ya tsoma hannu a buhu, huji yake nema, da tsakuwa, da girman ƙwaya, da launi. Guba ba ta da huji. Abin ma ya wuce rashin sakayya: tunda huji ake hukuntawa ba guba ba, kasuwar da kanta take tura mai ajiya ya zuba magani. Maƙwabcinka abin da aka tambaye shi ya amsa.

Masu cewa a bar kasuwa ta gyara komai sukan kafa hujja da Adam Smith, wanda ya nuna tun 1776 cewa mahauci da mai burodi ba don tausayinmu suke ciyar da mu ba, don ribarsu ne, kuma hakan kan amfani kowa. Gaskiya ne a inda mai saye zai iya bambance mai kyau da mara kyau. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya bayyana abin da ke faruwa idan ba zai iya ba, ya yi misali da kasuwar tsofaffin motoci. Mai saye da bai san abin da ke ciki ba yakan taya kuɗin tsaka-tsaki, mai kaya mai kyau ya ga ba ya ci, ya janye, kasuwa ta rage wa masu algus. A bakin wannan ƙofar kake tsaye yanzu. Ƙarshen hanyar ma an gan shi kusa da mu: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a ciki, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Hukuncin bai tsince mai gaskiya ya ajiye gefe ba. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Amma kar a ce kasuwa da alheri ba sa haɗuwa. Dubi gawon da ya cika gonakin Magarya, Matamaye da Mirya. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Nijar suka farfaɗo da itatuwa a fili mai kusan hekta miliyan 5, mafi yawa ba tare da an biya su ba. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da ake sayarwa. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya bar shi ya girma, ƙasar gaba ɗaya ta amfana. Aikin da ke gabanka shi ne ka mai da wakenka kamar gawon nan, alherin da ke cikinsa ya zama yana da mai shi kuma yana da mai biya.

Mu fara da lissafinka, domin akwai gyara a ciki. Yadda ka ƙirga: tiya 2 a kan sefa 600 sun kama 1,200, tsinta 500, buhu 1,500, a cire 500 ɗin da maƙwabcinka ma ke kashewa, saura 2,700 a kan kowane buhu, wato jika 162 a buhu 60. Dole ran Yaya ya ɓaci. Sai dai babban ramin ba a tsinta yake ba, a buhun da kake bayarwa kyauta yake. Buhun naka, wato PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka gwada shi sosai a nan tare da masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, leda biyu ne masu kaurin maikiron 80 da buhun saƙa a waje, kuma idan an kula da shi yakan kai shekara uku yana aiki. Ranar sayarwa ka kwance bakin, kar ka yanka, ka juye waken a buhun 300, ka kakkaɓe ledojin, ka naɗe ka rataye inda ɓera da rana ba za su same su ba. Wanda ya ce da buhun yake so, ya biya kuɗinsa daban. Da wannan kaɗai kuɗin buhu ya dawo 500 a shekara, daidai da na maƙwabcinka. Ɓararren da hujajjen da ake tsincewa kuma ba shara ba ne, masu kiwon tumaki za su saya. Ko 200 ka samu a kai, bambancin ya sauko wajen 1,500 a kan tiya 38. Sefa 40 ke nan a tiya, dala takwas. Buhun juyi na 300 idan kai za ka saya, ka ƙara dala biyu a kai. To, neman da za ka yi ba na canza halin kasuwar Dole ta Damagaram ba ne, na mutanen da za su ƙara maka dala takwas zuwa goma a tiya ne.

Kafin ka nemi ƙarin, ka tabbata ajiyar ba ta da makusa, don buhu ɗaya da ya fito da ƙwaro a gaban jama'a zai rushe maka zancen shekara. Buhun ba magani ne a cikinsa ba, iska yake hanawa. Ƙwaron da ya shigo da waken tun daga gona yana shaƙe ɗan iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Duk abin da ya bar iska ta shiga ya kashe aikin. Saboda haka kowace leda ka cika ta da iska, ka riƙe bakin, ka danna, ka saurara. Wadda ta saki, ka fitar da ita ko ka liƙe ramin da salatif mai ƙarfi ciki da waje. Ka sa ledar farko cikin ta biyu, su biyun cikin na waje, ka zuba kaɗan-kaɗan kana girgizawa don kada a bar kogo, ka bar wajen taƙi ɗaya a sama. Matse iskar, murɗe bakin ledar ciki, lanƙwasa, ɗaure. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Masu haɗa baki uku su ɗaure da igiya ɗaya su ne ke dawowa suna cewa buhun ƙarya ne. Kara, tsinke da ɓawon kwanso suna huda leda daga ciki, shi ya sa sheƙa ke gaba da ɗuri. A jera a kan katako, a bar rata da bango, a sa tarkon ɓera. Kuma ba a buɗewa don leƙe.

Danshi shi ne ɗayan abokin gaban. Wake mai laima a cikin leda ruɓewa yake, ya yi baƙi, ya ƙi tsira. Wajen kashi 12 cikin 100 ake so ko ƙasa da haka. Idan ba ka da na'urar awo, cizo na farko ya ba ka ƙas, ƙwayar ta fashe, ba ta lotse ba. Gwajin gishiri ya fi: kwalba busasshiya, ɗan wake, cokali ɗaya na gishirin da aka shanya, a rufe, a girgiza, a bari na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken shanya. Kuma ka ɗura da wuri, cikin makonnin farko bayan sussuka. Ƙwaron nan yana kammala zagayensa daga ƙwai zuwa mai haihuwa cikin kamar mako uku zuwa huɗu in akwai zafi, ka ga wata biyu a buhun saƙa sun isa su mai da ɗan huji ya zama gari. Waken da ya riga ya cika da ƙwaro har ledar ciki sukan huda.

Yanzu ga masu biya. Ɗan sari mai babbar mota ka cire shi daga lissafin ƙari, shi farashin ranar zai ba ka, kuma ba laifinsa ba ne. Na farko su ne masu ƙosai, alala da ɗan wake, da masu dafa shinkafa da wake a tashoshi da bakin makarantu. Waɗannan kar ka je musu da wa'azin guba tun farko. Ka je musu da abin da ya shafi cinikinsu: ba tsakuwar da za ta ɓata injin niƙa ko ta fasa haƙorin mai ci, ba awa guda ta tsinta da asuba, tiyar cike take da ƙwaya mai nauyi ba hujajjen da cikinsa ya zama fanko ba, kuma iri ɗaya ne, yana jiƙa tare yana nuna tare. Wannan na ƙarshen yana nufin tun wajen saye ka raba fari da ja, manya da ƙanana, kar ka gauraya. Zaɓi mata biyar, ba kowace rabin tiya kyauta, ka ce ta surfa ta niƙa shi daban, ta ƙirga ƙosan da ya fito, ta gwada da na inda take saya. Wajen jika ɗaya da rabi ne kuɗin wannan talla. In ƙirgen ya nuna riba, ita za ta gaya wa ƴan'uwanta a wajen adashi, in bai nuna ba, ka huta da zato. Abin da ke kashe wannan hanyar bashi ne. Ka sa ƙa'ida tun ranar farko: ba a ɗaukar sabo sai an biya na jiya, kuma bashin mace ɗaya kar ya wuce tiya biyar.

Na biyu manoma ne a bakin shuka. Daga Mayu zuwa Yuli mutum na neman waken da zai tsira, kuma a nan ne ajiya mai kyau ke da daraja da kowa ya sani, don wanda ya shuka matacce damina guda ya yi hasara. Ka ƙirga ƙwaya 100 daga tsakiyar buhu, ka jera a jiƙaƙƙen buhun garara ko a kasko mai rairayi, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai ka ƙirga. In 85 ko fiye sun tsira, ɗauki kaskon nan ka ajiye a gaban rumfarka. Gani ya kori ji. Sai dai ka kiyaye: ka ce wake ne da aka gwada tsirarsa, kar ka kira shi ingantaccen iri mai takarda, wannan yana da rajista da binciken ma'aikatar gona. Kuma kar ka ce irin waken IT90 ne ko TN5-78 sai ka san gonar da ya fito.

Na uku su ne magidanta masu albashi, da manyan masu saye irin kantunan abincin makarantu da ƙungiyoyin agaji. Magidanta ka ƙulla musu tiya ɗaya-ɗaya a farar leda, da sunanka, lambar wayarka da ranar da aka buɗe buhun. Manyan kuwa suna duba danshi, datti da huji a rubuce, abin da zai yi maka daɗi, amma suna neman lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, sun fi son hulɗa da ƙungiyar manoma, kuma biyansu kan yi jinkiri. Mai jarin aro buhu 60 kar ya zuba duka a nan. Ka leƙa ofishin majalisar manoma ta jiha, CRA, ka tambayi ƙungiyoyin da ke haɗa kaya.

Saura batun shaida, tunda ba a cinikin biri a sama, kuma kowa zai iya rantsuwa cewa nasa ba magani. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima, mai shi ya ce ruwan sama ne, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani. Hana algus ke nan, amma akwai darasin kasuwanci a ciki: abin da ke ɓoye a fito da shi fili. Ranar ɗuri ka kira shaidu uku da ake jin maganarsu, misali malamin gona, wani daga shugabannin ƴan hatsi da limamin unguwa. A ɗura a gabansu, a rubuta lamba da kwanan wata a jikin kowane buhu, a sa hannu a littafi. Ranar fitarwa ka kwance a gaban mai saye, ya sunsuna, ya ga matattun ƙwari a gindin leda. Ka ƙara da alkawarin da mai algus ba zai iya ɗauka ba: duk wanda ya ji wari ko ya ga huji ya wuce kima cikin kwana uku, ya dawo da kaya ya karɓi kuɗinsa. Abu biyu kan lalace a nan. Buhun da aka buɗe ba shi da sauran kariya, don haka kar ka buɗe fiye da abin da za ka sayar cikin mako biyu. Sannan da zarar sunanka ya fara tafiya, wani zai zuba nasa waken a ledarka, shi ya sa lambar waya da kwanan wata ke da amfani. Kuma ka yabi naka ba tare da ka ce na wane guba ne ba. Ba ka auna ba, rumfa ɗaya kuke kwana.

Game da "yi yadda kowa ke yi", a raba magana biyu. Fiya-fiya da makamantansa na feshin gona ba su da wuri a cikin abinci, ko kaɗan, kuma sayar da irin wannan waken a ɓoye algus ne mai haɗe da cutarwa. Ƙwayar Phostoxin daban ce, hayaƙi take saki, ƙwaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar fosfin, kuma a hannun wanda ya koya, a rufaffen magaza nesa da gidaje, ba ta barin saura mai yawa. Matsalar ita ce yadda ake amfani da ita a nan: a naɗe a tsumma a cusa cikin buhun saƙa, a shagon da ke manne da ɗakin kwana. Hayaƙin ya tsere ta ramukan buhu, ƙwai bai mutu ba, bayan wata guda a sake sawa, shi kuwa hayaƙin da ya tsere yana iya kashe mai barci ta tsagar bango. Ka tambayi maƙwabcinka sau nawa yake sawa daga kaka zuwa bazara, da tiya nawa ke fitowa hujajje. Da wuya 200 ɗin nan ta zama ita ce duka.

Wani kaso na alherin nan kuwa ba za a taɓa biyan ka shi ba, gara ka sani. Yaron da bai yi amai ba saboda wakenka ba zai san sunanka ba. Irin wannan amfanin ko dai hukuma ta tsare shi da bincike da hukunci, ko ƴan kasuwa su haɗa kai su ware layin da ba a shigar da mai magani, ko wani ya ɗauki nauyinsa don Allah, kamar yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Amma Usman da dukiyarsa ya saya. Kai jarin na Yaya ne, amana ce a hannunka, ba ka da ikon yin sadaka da ribarsa ba da yardarsa ba. Mun ga alamar shekara uku kana yin haka ba ka lura ba, kuma shi ne tushen rigimar, ba buhu ba.

Ka same shi a gida, ba a rumfa ba, da littafin lissafi a hannu. Ka ce, "Yaya, na ga inda kuɗin ke zuba, ina roƙon kaka ɗaya." Ka nuna masa jika 162 ta sauko kusan 90, sannan ka shimfiɗa rabon: buhu 30 ga ƴan sari a farashin kasuwa, 20 ga masu ƙosai da magidanta, 10 a riƙe har shuka. A buhu 30 ɗin da za ka sayar da kanka, ƙarin sefa 80 a tiya zai rufe giɓin duka sittin ɗin, kuma sayar da tiya-tiya dama ya fi sari tsada. Ka yi masa alkawari a gaban shaida cewa in an rufe lissafi giɓi ya rage, daga rabonka za a cire, ba daga nasa ba. Ka kuma sa wa kanka iyaka, abin da gidanka zai iya ɗauka ba tare da an rage cefane ba. In giɓin ya wuce iyakar, rage yawan buhu za ka yi baɗi, ba zuba magani ba.

Ku kuma yarda a kan lokacin fitarwa tun yanzu, don farashin wake a Damagaram yana kallon Najeriya ne. Faɗuwar naira ko rufe iyaka, irin wanda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da na 2023 zuwa farkon 2024, na iya hana tashin da ake jira, kuma wannan hasarar ta fi ta tsinta nesa ba kusa ba. Kada ku jira ƙololuwa da kayan duka. Ku sa farashin da in an kai za a saki kashi na farko, ku riƙa bin rahoton SIMA, ofishin da ke bin farashin kasuwannin amfanin gona. Buhunan kuma ka saye su tun Satumba daga dillalin da aka sani, ka duba tambari da kaurin ledar, domin in kaka ta kama sukan yi ƙaranci, sai masu siririyar leda su cika kasuwa.